Ɗige-ɗigen da Na Kankare

Shekarar da aka rufe boda na dawo Jibiya da takardar digiri a jaka da kwamfuta a hammata, ba aiki ba dalilinsa. Rubuta manhaja na karanta, na kuma iya daidai gwargwado, amma duk inda na tura takardar neman aiki sai shiru. Garin ma kansa a tsaye yake. Tireloli sun yi layi daga shingen kwastan har inda ido ya gaji, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin motoci suna shan shayi, doya da lemo suna ruɓewa a cikin tamfol. Kowa jira yake yi, ni kuwa ban iya jira ba. In zauna, in tashi, in leƙa titi, in duba waya, in dawo in sake zama. Mahaifiyata har tambayata take ko ƙaya aka zuba mini a kujera.

A shagon Baba nake yini, saboda akwai sola. Mahaifina marubucin takardu ne a bakin boda tun kafin a haife ni. Fatake da direbobi da ajan-ajan masu kai da komo da takardun kaya a ofishin kwastan su ne mutanensa. Yana rubuta Turanci saboda wannan ɓangare, yana rubuta Faransanci saboda wancan, don a Maraɗi ya yi ƙuruciyarsa. Da tafireta ya fara, daga baya ya koma wata tsohuwar kwamfuta ta kan tebur mai allo mai ƙatuwar ƙeya. In yana bugawa ba ya kallon kibod, ba ya ma kallon allon. Fuskarsa tana wajen ƙofa yana hira da mai takarda, yatsu suna ta aikinsu, ya gama ya miƙa hannu firinta ta ba shi. Mutane suna son wannan abu nasa, har kawo baƙi ake yi su gani.

Ni kuwa allon nan ya tsaya mini a rai. Bangonsa baƙi ƙirin ne, ba hoto ba ado. Kibiyar maus an ƙara mata girma har ta kusa kai babban yatsa. Fayil-fayil ɗinsa a warwatse suke a fuskar allon kamar shanyar barkono, wannan a sama, wancan a lungu. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gilashin. Duk ya yi ɗige-ɗigen farin ruwan nan na shafe kuskure tun na zamanin tafireta, sun bushe sun yi tudu. Sau ɗaya na ɗauko tsumma, Baba ya ji motsina ya ce, “Kada wanda ya taɓa min gilashin ga. Ku bar min shi yadda yake.” Na ajiye tsumman, na ce a raina rigimar tsufa ce.

Ana nan sai ga taubashina, ɗan gwaggona ta Maraɗi. Ya biyo ta hanyar daji a bayan babur ya zo gaida kawunsa, ya ga akwai wuta akwai intanet, ya yi zamansa. Shi ma manhaja yake rubutawa, a Yamai ya koya. Tun muna yara ba mu taɓa yarda da juna a kan komai ba, kuma wasan taubasai ya ba mu lasisin zagin juna a gaban kowa. Yana ce mini mushe, ina ce masa Bafaranshe. Mutum biyu marasa aikin yi a ɗaki ɗaya, kowanne da kwamfuta a cinya, ai dole a sami abin faɗa.

Ga wanda bai sani ba, kowace kwamfuta tana da babbar manhaja. Ita ce ke tarbarka in ka kunna, sauran manhajoji duk a kanta suke zaune. Shi yana bayan wadda ake sayo kwamfuta da ita, wadda ke kowane ofis, muna ce mata ta kasuwa. Ni ina bayan wadda masana suka haɗu suka rubuta suka sake ta, kowa ya ɗauka ya gyara yadda yake so, ita ce ta kyauta. Gardamar ɗaya ce kullum: wacce ta fi sauƙin aiki?

“Taka hwa, mushe,” in ji shi, “kahin firinta ta yi tari sai ka buɗe baƙin allo ka yi ta rubuta ɗalasimai kamar boka. Wa ke da lokacin wanga?”

“Taka kuwa,” in ce masa, “ana tsakiyar aiki ta ce a dakata za ta sabunta kanta, ta shanye datar mako guda a zama ɗaya. Filas guda aka soka mata ta kwanta ciwo.”

“Awo, amma ko gwaggonka da ba ta taɓa zama aji a lakwal ba ta san inda za ta danna.”

“Sabo ne, Bafaranshe, ba sauƙi ba. Ka saba da wahala har ka ɗauka hutu ce.”

Haka muke yi daga hantsi har azahar, mu yi salla, mu ɗora daga inda muka tsaya. Mu auna wacce ta fi saurin tashi da agogon waya. Mu ƙirga dannawa nawa ake yi kafin a kai ga fayil. Mai shayin da ke gefenmu, wanda bai taɓa riƙe maus ba, har ya zaɓi ɓangare, kuma ba nawa ya zaɓa ba. Baba yana zaune a kujerarsa yana jan carbi, bai taɓa sa mana baki ba. Yanzu na san ba kwamfuta ce ta dame ni ba. Na dawo gida hannu rabbana, ina bukatar in ci wani a wani abu, ko mene ne.

Ranar da abin ya ɓaci, taubashina ya nuna Baba da haɓa. “Ga Kawu nan. Shekara nawa yana aiki da ta kasuwa? Ka taɓa jin ya kira wani ya ce zo nuna min? In sauƙi kake nema, ga shi nan zamne gabanka.”

Maganar ta soke ni. Na ce, “Don bai ga wadda ta hi ta ba ne.”

Nan muka ƙulla. Zan ɗora wa kwamfutar Baba ta kyauta. In mako guda ya cika bai ce ta fi ba, zan tsaya a teburin mai shayi in ce Bafaranshe ya fi ni sani. Muka tafa a kai. A waje muka yi wannan shawara, kuma babu ɗayanmu da ya kawo a ransa cewa akwai wanda ya kamata a tambaya.

Ba a yi kwana uku ba aka yi rasuwa a Bugaje, wani abokin Baba na ƙuruciya. Aka zo aka ɗauke shi a bayan babur, zai kwana biyu. Ƙurar babur ɗin ba ta kwanta ba na zauna a kujerarsa. Ban yi aikin ganganci ba, wannan kam zan faɗa. Na kwashe duk fayil ɗinsa a filas biyu, na duba, na sake dubawa. Sannan na share ta kasuwa na ɗora ta kyauta. Tsohuwar kwamfutar nan ta tashi da gudu kamar an sake haihuwarta. Firinta ta ɗan yi gardama, na buɗe baƙin allon na yi ɗalasiman nawa a ɓoye don kada taubashina ya gani, ta miƙa wuya.

Daga nan daɗi ya kwashe ni. Na tattara shanyar barkonon nan na zuba a folda-folda: Turanci daban, Faransanci daban, hatsi, dabbobi, wasiƙu. Na mayar da kibiyar ƙarama kamar ta kowa. Na cire baƙin bango na sa hoton ruwan dam mai shuɗi, har da kwalekwale. Da na ja baya na duba, sai ɗige-ɗigen nan suka ɓata mini hoton. Na ɗauko reza.

“Kawu ya hana hwa,” in ji taubashina.

“Datti ne,” na ce.

Ɗaya bayan ɗaya na kankare su, suna faɗowa kan tebur kamar ɓawon ƙwai. Na goge gilashin da tsumma mai laima har ina ganin fuskata a ciki. Rabon da in ji daɗin wani aiki haka tun ina makaranta.

Baba ya dawo da hantsi. Muka yi masa sannu da hanya da gaisuwar rashi, ya zauna, ya yi bisimilla, ya kunna. Ƙarar da ta yi wajen tashi ba irin wadda ya sani ba ce, na ga ya ɗan karkata kai. Sai ya ɗaga hannun hagu ya ɗora ɗan yatsa a saman gilashin, ya ja shi a hankali zuwa dama, ya sauko, ya sake komawa sama.

“Wa ya wanke gilashin?”

“Ni ne, Baba.” Na matso na fara zuba. Na nuna masa folda, na nuna masa saurin, na ce yanzu ba ruwansa da cutar filas, dannawa biyu ya isa ko'ina. Na daɗe ina magana. Hannunsa yana nan a kan gilashin bai sauke ba.

“To,” ya ce. “Allah shi yi albarka. Kashe min ita.”

Kwana biyar bai sake kunna ta ba. Dama ba aiki, sai ya fitar da benci ƙofar shago ya zauna da carbinsa. In na ce ya zo ya gwada, ya ce sai an jima. Taubashina ya samu abin yi, kullum da safe sai ya ƙirga mini kwanakin da suka rage da yatsu, ya ce in fara gyara murya saboda teburin mai shayi. Ni kuma ina ta cika ina batsewa. Na ce ba a yi mini adalci ba, ai ba a ce tuwo ba daɗi tun ba a ɗanɗana ba. Har fushi na yi da Baba a raina, wai ya ƙi ba ni dama a gaban baƙo.

A rana ta shida aka buɗe boda. Ba wanda ya sanar da mu, ƙahon tireloli ne ya faɗa wa gari. Injuna suka tashi gaba ɗaya, hayaƙi ya turnuƙe, direbobi suna naɗe tabarmi da gudu. Ni da ban iya zama ba, na ja taubashina muka tafi kallon ɗaga shinge. Mun ɗan jima a can. Da muka dawo shagon Baba ya cika har waje, kowa da takarda a hannu, kowa yana so a fara da shi.

Ban samu hanyar shiga ba, sai na tsaya a bakin ƙofa ina leƙe ta kan kafaɗun mutane. Wanda ke gaba wani Alhaji ne mai safarar masara, tsohon mai hulɗa da Baba, yana son takardar Faransanci da zai nuna wa 'yan duwan, wato kwastan na wancan ɓangare. Na ga Baba ya kai yatsa wani wuri a gilashin, ya ja maus, ya danna sau biyu. A da, a daidai nan takardar hatsi take. Yanzu ba komai a wurin sai ruwan dam.

Ya juyo da fuskarsa wajen ƙofa kamar kullum, ya fara bugawa. Yana tambayar Alhaji buhu nawa, lambar mota, sunan direba, yana tsokanarsa a kan ƙibar da ya yi a zaman jira, yatsu suna ta ruwa a kan kibod. Duk wanda ke shagon yana ganin allon. Ko harafi ɗaya bai fito ba, kwalekwalen nan yana nan inda na ajiye shi. Hayaniya ta fara raguwa. Baba ya gama, ya danna maɓallan bugawa, ya miƙa hannu wajen firinta yana jira.

Wani ajan ne ya ce, “Malam, ai ba ka rubuta komi ba.”

Baba ya janye hannunsa. Ya juya, ya matsa kusa da allon, ya ƙara matsawa, har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya daɗe a haka.

Alhaji ya sassauta murya ya ce, “Malam, ido ne?”

A waje tireloli suna ta ƙaho. Na ji wani a bayana yana salati a hankali, na kuma ji takun waɗanda suka fara zamewa zuwa shagon da ke gaba da namu. A tsaye a bakin ƙofar nan komai ya dawo mini. Babur ɗinsa da ya jingine ya ce gwiwa ce. Alƙur'aninsa da ya daina buɗewa ya ce ya fi son tilawa da ka. Yadda yake sa yatsa a bakin kofi in yana zuba shayi. Baƙin bango da ƙatuwar kibiya don su ne kaɗai yake iya hangowa, farare a kan baƙi. Kowane ɗigo kuma takarda ce: ya lalubo shi da yatsa, ya kawo kibiya ƙarƙashinsa, ya danna. Watanni ina zaune kusa da mutumin nan ina auna saurin kwamfuta da agogo, ban taɓa duban idonsa ba. Daga baya likita a Katsina ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa.

Ranar dai ni na zauna a kujerar, Baba yana faɗa ina bugawa, har muka sallami waɗanda suka tsaya. Bayan la'asar muka tura ƙofa. Taubashina ya ciro filas daga jakarsa, muka share ta kyauta muka mayar da ta kasuwa. Ya ci gardama, amma ko sau ɗaya bai ambaci teburin mai shayi ba, har yau. Muka mayar da baƙin bango, muka ƙara wa kibiya girma, muka zubo fayil-fayil a fuskar allo. Sai suka jeru a layi tsaf, yadda kwamfuta take jera abu. Ni ban san inda kowanne yake a da ba, ban taɓa kula ba.

Washegari da safe na durƙusa gaban Baba na faɗa masa ban san wurin kowane fayil ba. Ya buɗe aljihun tebur ya lalubo 'yar kwalbar farin ruwan, ya girgiza ta, ya miƙo mini. Ya ɗora yatsa a gilashin. “Nan, hatsi, Hwaransanci.” Taubashina ya jawo fayil ɗin zuwa ƙarƙashin yatsan, Baba ya ɗaga, na ɗiga. “Nan, shanu. Nan, wasiƙar rakiyar direba. A'a, ƙasa kaɗan.” Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ni ne ma ɗigo biyu suka zarce mini, na goge na sake. Da suka bushe ya bi su da yatsa tun daga sama har ƙasa, ya buɗe ɗaya, ya buga layi uku, firinta ta ba shi. Na karanta, babu kuskure ko ɗaya. Wani sanyi ya sauko mini a ƙirji, na ce a raina shi ke nan, na gyara abin da na ɓata.

Muka buɗe ƙofa. Mutane suka zo, sun ma fi na jiya. Amma gaisuwar ta canza. “Sannu Malam. Ya jiki? Allah shi ƙara sauƙi.” Kowa sai ya rage murya, kamar an shigo dubiya. Wasu suka gaisa suka wuce shagon gaba. Ban ga laifinsu ba, takardar kaya in harafi ɗaya ya kauce mota tana iya kwana uku a shinge. Shekaru suna karɓar takardunsa ba a taɓa dawo da ko ɗaya ba, amma jiya sun ga abin da suka gani.

Baba yana zaune a kujerarsa, hula a daidai, yatsu a kan kibod, fuska wajen ƙofa. Sai ga Alhaji mai masara da wata takardar. Ya gaida Baba da kyau, ya tambayi iyali, ya yi addu'a. Sannan ya miƙo takardar ta saman kan Baba, ya ba ni. A hankali ya yi, don kada ta yi ƙara. Takarda kuwa sai da ta yi.

Na tsaya riƙe da ita, na rasa inda zan sa kaina. Baba ya sauke hannuwansa daga kibod ya ɗora a gwiwa. Ya tashi, ya laluba bayan kujerar, ya juyo da ita wajena.

“Zamna,” ya ce. “Kada ka tsai da mutane.”

Na samu aikin da nake nema ke nan. Na yi shekara biyu a kujerar, a kan ta kasuwa, ina kallon allo ta tsakanin ɗige-ɗigen da ban sake taɓawa ba. Ni da taubashina har yanzu muna zagin juna a waya a kan komai, amma in hira ta biyo ta kan wacce ta fi sauƙi, sai ɗayanmu ya tambayi lafiyar gwaggo.

A ranar, da muka rufe shago gab da magariba, Baba ya ɗora hannu a kafaɗata muka kama hanyar gida. Bai taɓa yin haka a bainar jama'a ba. Muna ratsa tireloli, ina ce masa ga rami, ga dutse, duk da na san ya fi ni sanin hanyar. Na tambaye shi tun yaushe.

“Damina huɗu.”

“Inna ta sani?”

“Ita ke jera min takalma inda zan same su.”

Na ce, “Baba, mi ya hana ka hwaɗa min? Ni hwa aikina ke nan.”

Ya ɗan matse kafaɗata, ba da zafi ba. “Shi ya sa,” ya ce. “Da na hwaɗa maka, da ka gyara.”

Aka kira salla, muka karkata wajen masallaci, na tsaya a bakin ƙofa na jera masa takalmansa.